Gudun Dare a Kwaltar Mirriya

Sanin kowa ne a ƙasar Hausa magidanci ba ya gudu haka siddan. Yaro yana gudu don ƙuruciya, zagi yana gudu a gaban dokin sarki don aikinsa ke nan, maharbi yana bin abin da ya harba, ɗan kokowa kuma yana sassarfa da asuba don ya ƙara ƙwari kafin ranar shiga fage. Amma a ga mutum mai gemu, mai iyali, ya zura da gudu, to lalle akwai dalili: ko gobara, ko mutuwa, ko kuwa biyo shi aka yi. In kuma cikin duhu ne, dalili guda ne ke zuwa a zukatan jama'a, domin tun kaka da kakanni aka ce dare rigar mugu.

Wannan ita ce matsalar farko da ta tari wani malamin lissafi na wata kwaleji a Mirriya cikin shekarar 2019, sa'ad da likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce ya rage gishiri, sannan ya riƙa motsa jiki har ya yi gumi. Shan ƙwaya da rage gishiri ba su ba shi wahala ba. Motsa jikin ne ya rasa inda zai sa shi. Da safe aji na jiransa. Da rana kuwa, duk wanda ya taɓa yin bazara a Damagaram ya san daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, har jakuna ma neman gindin bango suke yi. Da la'asar gari cike yake da ɗalibansa, shi kuwa bai ga yadda zai ratsa su cikin wandon ƴan ƙwallo yana haki ba, sa'an nan washegari ya tsaya a gaban allo yana neman a girmama shi. Saboda haka ya zaɓi bayan sallar isha'i. Kunya ce ta zaɓar masa lokacin, zafi kuma ya sa hannu.

Da fari ta hanyar garake yake bi, wato ƴar siririyar turbar da ta ratsa tsakanin manyan kukokin nan da aka san Mirriya da su. Tsohuwarsa ta yi masa faɗa ƙwarai, ta ce gindin kuka da na tsamiya ba wurin ratsawar ɗan Adam ba ne bayan magariba, suna da masu su. Ya yi murmushi irin na ƴan boko, ya ci gaba da abinsa. A dare na huɗu ko na biyar sai ga karnuka biyu sun taso masa daga cikin shinge, wata murya kuma ta daka masa tsawa.

"Wane ne nan? Tsaya, ko in sare ka!"

"Salamu alaikum, Baba. Ni ne, mushen kwaleji."

Dattijon ya dalle masa fuska da tocila, adda na ɗaya hannun. Ya daɗe yana dubansa.

"Mushe? Lafiya? Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Baba. Likita ne ya ce in riƙa gudu."

"Likita ya ce ka yi gudu, ai bai ce ka zo a kashe ka a bakin garkata ba. Lokacin mangwaro ne, kwana uku ke nan ana yi mini ɓarna. In za ka wuce, yi sallama tun daga nesa, ka kuma sa fararen kaya. Ɓarawo ba ya sa fari."

Malamin ya ba da haƙuri ya koma gida a tafe. Abin da ya ɗauka daga maganar dattijon shi ne garake ba wurin gudu ba ne. Batun fararen kaya kuwa ya bar shi a nan bakin shinge, sai bayan shekara uku ya koma ya tsince shi.

Daga nan ya koma bisa kwalta. Ita wannan kwalta ba ƙaramar hanya ba ce. Ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Ƙonni har Zinder, ta ratsa Mirriya a kilomita 18 gabas da birnin, ta miƙa Gidimuni da Gure da Difa. Duk abin da ke tafiya tsakanin Damagaram da ƙasar Manga ta nan yake bi: manyan motocin tattasai da na dabbobi, motocin mai, motocin fasinja masu dogon zango, ga kuma ayarin sojoji da ya ƙaru tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa cikin Fabrairun 2015. Direbobi da yawa sun fi son tafiyar dare, don sanyin inji da na taya. Ga malamin kuwa hanyar ta yi daidai: shimfiɗaɗɗiya ce, babu ƙaya, babu rami, babu shingen kowa, kuma yana hango fitilar mota tun tana da nisan kilomita ɗaya ko biyu. Ya shekara uku a haka ba abin da ya same shi, jininsa ya sauka, tumbinsa ya ragu. Ƙafa kuwa in ta daɗe tana bin hanya lafiya, sai ta ɗauka ita ce gwana.

A nan ne kuskuren yake, kuma kuskure ne mai saurin shiga kan mai hankali. Mutumin da ke cikin duhu yana kallon haske gani yake kamar hasken ma yana kallonsa. Yana ganin mota sarai, don haka zuciyarsa ke gaya masa direba na ganinsa. Alhali shi direban ba ya ganin kome sai ɗan yankin kwaltar da fitilarsa ta haska, abin da ke bayan wannan kuwa baƙin bango ne.

Malamin yana da yaya mace, maginiyar tukwane da tuluna, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa biyar. Da kuɗin tukwanen da take kai wa kasuwar Lahadi ta riƙe ɗanta na fari a makaranta har ya samu takardar birbe. Yaron dogo ne, mai natsuwa, burinsa duka ya shiga aikin jandarma. Duk mai wannan buri ya san kafin a dubi takardunsa sai an dubi ƙafafunsa, domin akwai gudun da ake sa masu nema su yi, wanda ya gaza kuma sai ya jira wani karo. Yaron ya taɓa gwadawa sau ɗaya numfashi ya yanke masa. Sai ya zo wurin kawunsa.

"Kawu, ina so in riƙa bin ka."

"To, ɗana, ka zo bayan isha'i. Da dare ƙafa ta fi sauƙi."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta daɗe tana hana malamin barci.

Sun yi wata huɗu suna fita tare, yaron na gaba, kawun na baya yana riƙe da agogo. Azumin shekarar 2022 ya faɗo cikin Afrilu, tsakiyar bazara, sai suka mayar da fitar bayan sallar asham. A daren wata Lahadi cikin goman ƙarshe, malamin ya zauna gida yana gyaran takardun jarrabawa, ya aika a gaya wa yaron yau a huta. Yaron ya ga lokaci na ƙure masa, ya fita shi kaɗai. Rigarsa baƙa ce ta wata ƙungiyar ƙwallon Turai, wandonsa shuɗi mai duhu, ya toshe kunnuwansa da abin sauraren waya, abin da ba ya yi in kawunsa na nan. Ya bi gefen dama, wato ya ba abin hawan da ke tafiya hannunsa baya, kamar dai yadda suka saba yi su biyu. Wata bai fito ba, domin a ƙarshen wata sai can tsakar dare yake ɓullowa. Ga shi kuma daren kasuwa, hanya cike da masu komawa ƙauyuka, wasu a amalanke, wasu a babur da lodin buhuna.

Yadda aka haɗa labarin daga baya shi ne, wata babbar mota ta taho daga gabas da manyan fitilunta a buɗe. Wani mai babur da ke bayan yaron, wanda fitilarsa ta mutu tun tuni yana lalube da hasken waya, ya ji hasken ya kashe masa ido, ya kauce gefen hanya don ya ba motar wuri, ya kwashi ƙafafun yaron. Mai babur ya tashi ya gudu. Yaron ya gangara cikin kwarin gefen hanya da karayar ƙwauri, wayarsa ta farfashe. Ya fi awa guda a kwance yana kira, motoci na wucewa ta samansa. A gida kuwa uwar na zaton yana wurin kawunsa, kawun na zaton yana gida. Wani mai amalanken shanu ne, wanda tafiyarsa ba ta da ƙara, ya ji nishinsa.

Kafin gari ya waye an kai shi asibiti a Zinder. Dangin uba suka so a ɗauke shi a kai wa mai ɗori, malamin ya tsaya kai da fata, domin ƙashin ya huda fata, irin karayar da in ƙwayar cuta ta shige ta ba ƙafa kaɗai take ci ba. An yi aiki an sa ƙarfe. An ceci ƙafar, amma ta ɗan gajarta, kuma da wannan aka rufe maganar jandarma.

Uwar ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ɗan fari ne, al'ada ba ta yarda ta kama sunansa ba, balle ta nuna ɗoki a kansa. Takan zo da kwanon fura ta ajiye a bakin gado, ta tambayi ƙanenta, "Yaya mai jikin?" kamar tana tambayar ɗan maƙwabta, ta koma waje ta zauna a inuwa. Malamin ya so a ce ta zage shi. Rana guda ya tare ta ya ce, "Yaya, ni na ce masa ya riƙa fita da dare." Ta dube shi ta ce, "Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa," ta ɗauki kwanonta. Ya yarda da maganarta har zuciya. Sai dai shi malamin lissafi ne, kuma ya san akwai ɓangaren abin da ya faru wanda ake iya aunawa da mita da daƙiƙa.

Ya zauna ya yi lissafin da ya kamata ya yi tun 2019. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa guda. Direban da idonsa biyu, bai gaji ba, yana buƙatar wajen daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin abu da taka birki, ka ga mita 22 sun tafi kafin a fara tsayawa. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, yana cin fiye da mita 30. Jimla ta doshi mita 60, wannan kuwa ƙaramar mota ce, ba kamiyo mai lodin buhu ɗari uku ba. Masana kiyaye haɗurra kuma sun daɗe da nuna cewa da ƙananan fitilu direba ba ya tsinkayar mai baƙaƙen kaya sai ya rage wajen mita 30 ko ƙasa da haka, mai fararen kaya ana ganinsa kafin nan, wanda ya ɗaura ƙyallen nan mai mayar da haske kuwa ana hango shi daga nisan da ya haura mita 100. Sittin ba ta shiga cikin talatin. Yaron aji shida na firamare ya san wannan. Ke nan duk daren da ya fita cikin baƙar riga a shekarun nan uku, ba dabararsa ce ta maido shi gida ba.

Ya kuma gano wani abu game da ido. Idon mutum kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, amma fitilar mota guda tana rushe wannan sabo nan take. Mai gudu da mai babur da mai keke, duk wanda babbar mota ta haska, makaho ne na ɗan lokaci bayan ta wuce. Abin da ya sami mai babur ɗin ke nan, kodayake wannan bai wanke shi daga hawa hanya ba fitila ba, balle daga barin mutum a kwance. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na kashe wajen mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da ɗaya bisa biyar daga cikinsu masu tafiya a ƙasa ne, kuma Afirka, wadda ta fi kowace nahiya ƙarancin motoci, ita ce ta fi yawan mace-mace in an gwada da yawan jama'arta. Malamin ya karanta wannan bai ji ya ƙaru da kome ba. Ya riga ya ga adadin a kwance a gadon asibiti.

Wata shida bai sake gudu ba, har jinin ya koma hawa. Da ya dawo, ya dawo da wasu sharuɗɗa da ya gindaya wa kansa. Ya koma gefen hagu, yana fuskantar abin da ke tahowa, kuma da ya hango fitila sai ya sauka daga kwalta gaba ɗaya, ya sunkuyar da ido, ya bar ta ta wuce, ko da hakan zai ɓata masa lissafin agogo. Ya sayi rigar nan mai ɗaukar ido ta masu aikin hanya a kasuwar Dole ta Zinder, ya ba tela ya yanka ƙyallen ya ɗinka masa a idon sawu da wuyan hannu, domin abin da ke motsi ya fi saurin gaya wa direba cewa mutum ne. Tocila na hannunsa tana kallon ƙasa. Kunnensa a buɗe. Kafin ya fita yakan gaya wa uwargida hanyar da zai bi da lokacin dawowarsa, a aljihunsa kuma akwai ƴar takarda mai sunansa da lambar gida. Daren kasuwa ba ya fita. Ya koma duban wata kamar tsofaffi: daga goma ga wata zuwa sha shida dare nasa ne, a duhun wata kuwa filin makaranta yake zagayawa. Cikin hunturu, in hazo ya sauko har fitilar mota ta zama kamar ta aci-balbal, yakan haƙura.

Shi ma filin makarantar yana da nasa. Da ruwan farko ya sauka kububuwa ke fita farauta da dare, ga ta ƙarama, launinta launin ƙasa, dafinta kuma na hana jini daskarewa. Don haka ba silifa, sai rufaffen takalmi, kuma in tsautsayi ya faɗa ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da igiya, sai a ɗauki mutum a kai shi asibiti ba tare da ya taka ba. Kare kuwa gudu ne ke zuga shi, in an tsaya cik yawanci yakan koma. Wanda ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nemi allura a ranar, domin ciwon haukan kare in ya bayyana ba ya da magani.

Sannu a hankali samarin wata fada da ke shan shayi a bakin layinsu suka fara bin sa, yawancinsu masu burin da ɗan yayarsa ya yi. Da suka kai takwas sai wata damuwa ta taso. Mutanen yankin ba su manta da ƙungiyoyin matasan nan na Zinder da ake kira ƴan pale ba, waɗanda Aïcha Macky ta nuna rayuwar wasunsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta na 2021, kuma taron ƙarti a guje cikin dare ba abin da ke kwantar da hankalin mai shago ba ne. Malamin ya tuna da dattijon garka. Ya je ya gaida mai unguwa, ya faɗa masa su wane ne da wane, da hanyar da suke bi. Ya sa doka duk wanda suka wuce a yi masa sallama da ƙarfi. Cikin mako biyu masu tsire da masu shayi suka san su, har ana yi musu kirari. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, gari ya riƙa kwana cikin duhu, sai ya zamana ƙyallayen sawun nan takwas ne abin da ake fara hangowa daga bakin tasha.

Ƴan mata uku daga ajinsa sun taɓa tambayarsa ko za su iya shiga, domin su ma gwajin gudu na jiransu a jarrabawar ƙarshe. Ya ce a'a, kuma har yau amsar ba ta yi masa daɗi ba. Abin da ke jiran budurwa a hanya da dare ba ƙyalle ke maganinsa ba, ga kuma bakin mutane da ke iya ɓata mata suna kafin gari ya waye. Abin da aka iya yi shi ne wata malama ta amince ta riƙa buɗe musu filin makaranta da sassafe sau biyu a mako. Garin da ke alfahari da ƴan kokowa, a jihar da ta sa wa fagen kokowarta sunan Langa-Langa, ya kamata a ce kowace makaranta tana da fitilu huɗu masu aiki da hasken rana a kusurwoyin filinta. Kuɗinsu bai kai na walimar rufe taro guda ba, irin tarurrukan da ƙungiyoyi ke yi a kan matsalolin matasa.

Yaron ya warke, yana ɗan ɗingishi. Kawun ya ci bashi ya saya masa babur, yanzu kabu-kabu yake yi tsakanin Mirriya da ƙauyukan kewaye. Bai taɓa zuwa kallon masu gudun ba, kawun kuma bai taɓa gayyatarsa ba. Amma wani dare cikin sanyin bara, suna dawowa daga wajen gari, sai malamin ya lura da wani babur a bayansu, a ɗaya gefen, yana tafe a hankali, fitilarsa na haska musu kwalta. Bai wuce su ba, bai kuma matso ba, har suka iso fitilun masu shayi. A nan ya tsaya, ya sa ƙafa guda a ƙasa.

"Kawu, na bayan nan ƙyallensa ya juya ciki. Ba a ganinsa."

Malamin ya kira yaron da ake nufi, ya durƙusa da kansa ya gyara masa ɗaurin. Kafin ya ɗago, mai babur ya sami fasinja, wata tsohuwa da ƙullin kaya, ya juya da ita ta hanyar Zinder.